Tutar Maƙwabci

Hausawa kan ce baƙo ko da ido makaho ne. Wannan magana ta tabbata a kan wani malamin makaranta daga ƙasar Hausa, wanda ya tafi Amurka ƙaro ilimi a watan Agusta na shekarar 2014. Jami'ar da ta karɓe shi tana jihar Karolina ta Kudu, kuma da yake kuɗin haya a cikin birni ya fi ƙarfin aljihunsa, sai ya kama wani ɗan ƙaramin gida na katako a wata unguwa da ke bayan gari. Gidajen unguwar ba su da katanga irin ta gidajen ƙasar Hausa, saboda haka daga bakin ƙofarsa yana iya hango farfajiyar kowane maƙwabci.

A hannun dama akwai wani dattijo farar fata, tsohon makaniki mai kimanin shekara 70, wanda matarsa ta rasu ta bar shi shi kaɗai. A hannun hagu kuwa wata dattijuwa ce baƙar fata, wadda ta yi shekara 35 tana koyarwa a makarantar firamare kafin ta yi ritaya. Su biyun sun fi shekara 20 suna zaune a layi ɗaya, amma malamin bai taɓa ganin ɗayansu ya taka ƙofar ɗaya ba. Abin da ya fi ɗaukar ido a gidan dattijon shi ne wata doguwar sanda ta ƙarfe da aka kafa a bakin hanya, da tuta a samanta. Tutar ja ce, an ratsa ta da shuɗin layi biyu masu farin baki waɗanda suka giciye daga kusurwa zuwa kusurwa, an kuma jera fararen taurari 13 a kansu. Malamin ya ɗauka tutar jihar ce, ko kuwa ta wata ƙungiyar wasa, bai kuma ga dalilin yin tambaya ba.

Duka maƙwabtan nan biyu sun yi masa halin girma. A makonsa na farko dattijuwar ta aiko masa da kwanon shinkafa da wake, wanda ɗanɗanonsa ya tuna masa da garau-garau na gida, ta kuma shaida masa cewa irin wannan wake daga Afirka ta Yamma ya zo ƙasar tare da kakanninta. Tun daga ranar yake kiran ta Mama, ita kuwa tana ce masa ɗana. Shi ma dattijon ba a bar shi a baya ba. Da tsohuwar motar da malamin ya saya ta ƙi tashi wata rana da sassafe, shi ne ya fito da akwatin kayan aikinsa, ya shafe sa'a biyu a cikin injin, ya kuma ƙi karɓar ko sisi. Malamin ya riƙa kiran sa Baba, abin da ya ba dattijon dariya da farko, daga baya ya saba.

Wata ranar Asabar cikin watan Oktoba, dattijon ya gayyace shi cin gasasshen nama. Da yake ya san baƙonsa Musulmi ne, sai ya sayo kaji, ya kuma ware musu wajen gashi dabam don kada su haɗu da naman alade. Suka zauna a kan kujeru a gindin sandar nan, tuta na kaɗawa a bisa kansu, suna ci suna hira. Ana cikin haka dattijuwar ta dawo daga kasuwa. Malamin ya ɗaga mata hannu, ita kuwa ta tsaya ta dube shi, ta ɗaga kai ta dubi sama, sannan ta shige gida ba ta ce uffan ba. Daga wannan rana gaisuwarta ta koma gajera, kwanon abinci kuma ya daina zuwa.

Bayan kwana biyar abin ya dame shi, sai ya yi abin da aka hore shi da shi tun yana yaro, wato ya je ya yi sallama ya tambayi laifinsa.

"Mama, idan na yi miki wani abu a cikin rashin sani, ki gaya mini, in nemi gafara."

Ta daɗe tana kallon sa kafin ta yi magana. "Ɗana, ka san abin da ka zauna a ƙarƙashinsa kana cin abinci?"

Ya ce bai sani ba. Sai ta nuna masa kujera, ta ce kakar mahaifiyarta a cikin bauta aka haife ta, a wani gandun shinkafa da ke bakin teku, kuma waccan tuta ita ce ta rundunar da ta yi yaƙi domin wannan yarinya ta mutu tana baiwa, 'ya'yanta su ma su gaji bautar. Ta ce ita kanta a makarantar baƙar fata zalla ta yi karatu, da tsofaffin littattafan da makarantun farar fata suka gama da su. A shekarar 1970, da aka tura ta koyarwa a wata makarantar da a da ta farar fata ce, wannan tuta ta riƙa gani a jikin motocin masu zagin ta a bakin ƙofa. Sannan ta ƙara da wata magana irin ta malaman ƙwarai: "Kada ka ɗauki maganata don ni na faɗa. Ka tafi laburare ka karanta abin da mutanen da suka kafa waccan ƙasa suka rubuta da hannunsu."

Haka kuwa ya yi. A shekarar 1860 akwai bayi kusan miliyan 4 a Amurka, mafi yawansu a jihohin Kudu, inda arzikin auduga da shinkafa da rake da taba ya dogara a kan guminsu. A Karolina ta Kudu bayi sun haura 400,000, alhali fararen fata ba su kai 300,000 ba. A watan Nuwamba na wannan shekara aka zaɓi Abraham Lincoln shugaban ƙasa, kuma jam'iyyarsa tana adawa da faɗaɗa bauta zuwa sababbin yankunan yamma. Ranar 20 ga Disamba, 1860, Karolina ta Kudu ta zama jiha ta farko da ta ɓalle daga tarayya. Daga ƙarshe jihohi 11 suka haɗu suka kafa tasu ƙasar, wadda za a iya kira Ƙawancen Jihohin Kudu. An fara ɓarin wuta ranar 12 ga Afrilu, 1861, a sansanin Sumter da ke mashigin tekun Charleston, aka kuma yi shekara 4 ana gwabzawa. Sojojin da suka mutu a ɓangarorin biyu sun wuce 600,000. Ranar 9 ga Afrilu, 1865, Janar Robert E. Lee ya miƙa wuya a Appomattox, kuma a watan Disamba na wannan shekara gyara na 13 ga tsarin mulkin Amurka ya haramta bauta.

Da farko malamin ya so ya auna al'amarin da ma'aunin yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970, tun da can ma yaƙin ɓallewa ne, kuma an yi tuta. Amma takardun da ya karanta sun nuna masa cewa kwatancin bai zauna ba. Sanarwar da Karolina ta Kudu ta fitar a watan Disamba na 1860 don bayyana dalilan ɓallewarta, babban kukanta shi ne jihohin Arewa sun ƙi mayar da bayin da suka gudu, kuma sun zaɓi shugaba mai ƙin bauta. Tsarin mulkin Ƙawancen ya hana a yi duk wata doka da za ta tauye haƙƙin mallakar bayi baƙar fata. A watan Maris na 1861, mataimakin shugaban Ƙawancen, Alexander Stephens, ya yi jawabi a birnin Savannah, inda ya bayyana cewa tubalin ginin sabuwar gwamnatinsu shi ne imani da cewa baƙar fata ba daidai yake da farar fata ba, kuma bauta ita ce matsayin da ya dace da shi. Waɗannan duka kalaman masu ƙasar ne da kansu, a lokacin da suke sa ran nasara, ba abokan gabarsu ne suka ɗora musu ba.

Wani abin da ya ba shi mamaki kuma shi ne, tutar da ke gaban gidan dattijon ba ta taɓa zama tutar ƙasar Ƙawancen ita kaɗai ba. Tutarsu ta farko ta yi kama da ta Amurka sosai, har sojoji suka riƙa ruɗewa cikin hayaƙi a yaƙin Manassas na watan Yuli, 1861. Saboda haka aka ɗauki wani zane na William Porcher Miles, ɗan siyasa daga Karolina ta Kudu, aka mai da shi tutar fagen fama ta rundunar Arewacin Birjiniya, wadda Lee ya jagoranta daga shekarar 1862. Taurari 13 ɗin suna wakiltar jihohi 11 da suka ɓalle, da kuma Kentucky da Missouri waɗanda Ƙawancen ke iƙirarin nasa ne.

Da wannan ilimi a kansa malamin ya koma wurin dattijon, zuciyarsa na ɗar-ɗar, domin ba abu ne mai sauƙi ba mutum ya tuhumi wanda ya yi masa alheri.

"Baba, na karanta tarihin tutar nan, kuma abin da na gani ya tayar mini da hankali. Ina so in ji daga bakinka."

Dattijon bai yi fushi ba. Ya shiga ɗaki ya fito da wani ƙaramin akwatin kwano, a cikinsa akwai wasiƙu huɗu da suka yi ja don tsufa. Na kakan mahaifinsa ne, wani talakan manomi wanda bai taɓa mallakar bawa ko ɗaya ba. An ɗauke shi soja a shekarar 1862, ya mutu da ciwon ciki a sansani bayan shekara guda, ya bar mace da jariri. A cikin wasiƙun babu maganar bayi ko siyasa. Tambayar lafiyar jaririn ce, da kukan rashin takalmi, da umurni ga matarsa kada ta sayar da alfadarinsu.

"Maƙwabci," in ji dattijon, "wannan mutumin nake tunawa. Ba a san inda kabarinsa yake ba. Tutar nan ita ce kabarin da nake da shi. Ban taɓa ƙin wani don launin fatarsa ba, kai ma shaida ne."

Malamin ya koma gida da nauyi biyu a zuciyarsa, domin ya san babu maƙaryaci a cikin maƙwabtan nasa. Tarihi ma ya gaskata wani ɓangare na maganar dattijon. Tun daga watan Afrilu na 1862 Ƙawancen ya tilasta wa maza shiga soja, sannan a watan Oktoba aka yi dokar da ta ɗauke wannan wajibi daga kan farar fata guda a kowane gandu mai bayi 20 ko fiye. Talakawan Kudu da yawa sun yi gunagunin cewa yaƙin na masu kuɗi ne, mutuwar kuwa tasu ce. Haka kuma kusan kashi biyu cikin uku na sojojin da suka mutu, cuta ce ta kashe su, kamar dai mai wasiƙun nan. Son kakanni kuma ba abin zargi ba ne a wurin Bahaushe, wanda ake yi wa kirari da sunan kakansa na bakwai ya ji kansa ya kumbura.

Sai dai kuma da ya ƙara zurfafa tunani, ya lura cewa dattijon ya amsa tambayar da ba ita aka yi masa ba. Dalilin da ya sa wani talaka ya ɗauki bindiga dabam, dalilin da ya sa aka tara rundunar dabam. Sojan na iya fita saboda tilas, ko kunyar a ce masa matsoraci, ko kishin garinsu, amma da rundunar ta ci nasara, kakar mahaifiyar dattijuwar da ta ci gaba da zama dukiyar wani. Wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san tuta ba ƙyalle ba ce kawai. Lokacin jihadin da ya fara a 1804, wanda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ba tuta ya zama wakilin jama'a da manufarta, kuma ba shi da ikon ya ce tutar tana nufin abin da ke ransa shi kaɗai. Wasiƙun da ke cikin akwatin kwano na dattijon ne, babu mai raba shi da su. Tutar da ke bakin hanya kuwa magana ce ga duk mai wucewa, kuma mai wucewa da abin da ya sani game da ita zai fassara ta.

Abin da mai wucewa ya sani bai tsaya a 1865 ba. Shi kansa Janar Lee, a shekarar 1869, ya ƙi halartar wani taron sanya alamomi a filin yaƙin Gettysburg, yana mai cewa ya fi dacewa kada a bar miyakun yaƙi a buɗe. Shekaru da dama bayan yaƙin, an fi ganin tutar a tarukan tsofaffin sojoji da maƙabartu. A 1948 ne ta dawo fagen siyasa da ƙarfi, sa'ad da wasu 'yan siyasar Kudu suka ɓalle daga jam'iyyarsu don kare wariyar launin fata, suka tsayar da Strom Thurmond, gwamnan Karolina ta Kudu, takarar shugaban ƙasa, magoya bayansu kuma suka riƙa ɗaga ta a taruka. A 1954 Kotun Ƙoli ta haramta raba makarantun gwamnati bisa launin fata, kuma ɗaya daga cikin ƙararrakin da suka kai ga wannan hukunci daga ƙaramar hukumar Clarendon ta Karolina ta Kudu ta fito. Bayan shekara 2, jihar Jojiya ta saka alamar a cikin tutarta. A 1961 aka ɗaga tutar a kan ƙubbar ginin majalisar dokokin Karolina ta Kudu da sunan cikar shekara 100 da fara yaƙin, aka gama bikin, tuta ta ci gaba da zama a can har shekarar 2000, lokacin da aka sauko da ita zuwa wata sanda a harabar ginin. Wannan ne tarihin da dattijuwar ta gani da idonta.

To, yaya aka yi mutumin kirki irin dattijon ya girma bai san wannan ba? Amsar da malamin ya samu ta shafi sana'arsa kai tsaye. Bayan yaƙin, wasu marubutan Kudu sun gina wani labari mai sanyaya zuciyar waɗanda aka ci da yaƙi, cewa an yi faɗan ne don kare 'yancin jihohi, cewa bauta ba ita ce sanadi ba, kuma bayi suna zaman lafiya da iyayengijinsu. Ƙungiyar 'ya'ya mata na sojojin Ƙawancen, wadda aka kafa a 1894, ta gina gumakan tunawa a garuruwa masu yawa, ta kuma sa ido a kan littattafan makaranta, tana matsa wa hukumomi lamba su yi watsi da duk littafin da ya saɓa wa wannan labari. Dattijon ya shiga firamare a wajajen 1950. Abin da ya gaya wa malamin a ranar nan, wani malami ne ya gaya masa shi a cikin aji, daga littafin da hukuma ta amince da shi. An tanƙwara iccen tun yana ɗanye, ga shi shekara 60 bai miƙe ba.

Daren 17 ga Yuni, 2015, wanda ya zo daidai da daren da aka shiga watan azumi, wani saurayi farar fata ɗan shekara 21 ya shiga majami'ar Emanuel da ke Charleston, ɗaya daga cikin tsofaffin majami'un baƙar fata a Kudu. Masu nazarin Littafi Mai Tsarki suka karɓe shi hannu biyu, ya zauna tare da su, sannan ya fito da bindiga ya kashe mutum 9, har da limamin majami'ar, Clementa Pinckney, wanda kuma sanata ne a majalisar jihar. Bayan 'yan kwanaki hotunan makashin suka bayyana, yana riƙe da wannan tuta. A harabar majalisa an sassauto tutar Amurka da ta jihar don makoki, amma tutar Ƙawancen tana nan a ƙololuwar sandarta. Ranar 27 ga Yuni wata 'yar gwagwarmaya mai suna Bree Newsome ta hau sandar ta sauko da ita, aka kama ta, aka mayar da tutar. Sai a ranar 10 ga Yuli, bayan majalisa ta yi doka kuma gwamna Nikki Haley ta sa hannu, aka sauke ta gaba ɗaya aka kai ta gidan adana kayan tarihi.

Wannan doka filin gwamnati kawai ta shafa. Tsarin mulkin Amurka ya ba kowa 'yancin bayyana ra'ayinsa, saboda haka babu hukumar da za ta hana mutum kafa tuta a farfajiyar gidansa. A cikin waɗancan makonni wasu mazauna yankin ma ƙara kafa ta suka yi, suna cewa ana so a shafe musu tarihi. Ta dattijon kuwa tana nan inda take. Dattijuwar ta daina bin gaban gidansa, ta gwammace ta zagaya ta bayan layi duk da ciwon gwiwa da take fama da shi. Malamin ya ga haka har sau uku. A na huɗun ya tsallaka ya sami dattijon a gareji.

"Baba, ba na zo yin gardama ba ne. Ka dubi hanyar da Mama take bi yanzu zuwa tashar mota."

Dattijon ya leƙa, ya gan ta tana ɗingishi a bayan gidaje, ya daɗe bai ce komai ba. Daga ƙarshe ya ce, "Wancan yaron ba shi da alaƙa da ni." Malamin ya ce ya yarda, ya kuma ce Mama ma ta san haka, amma daga bakin hanya tutar tasu iri ɗaya ce. Dattijon ya juya ya ci gaba da goge wani ƙarfe, hira ta ƙare a nan.

Ranar ƙaramar salla, 17 ga Yuli, malamin ya dafa shinkafa da miyar kaza, ya zuba kwano biyu. Da ya fito zai kai wa dattijon nasa, sai ya ga sandar tsirara. Tutar tana cikin gareji, an kafe ta a bangon ciki, inda ba a ganin ta sai an ɗaga ƙofa. Dattijon ya karɓi kwano ya yi godiya, bai yi maganar tuta ba, malamin ma bai tayar ba. Ba a ce dattijon ya sauya ra'ayi ba, domin har malamin ya bar ƙasar yana nan a kan cewa ba don bauta aka yi yaƙin ba, kuma ranar 10 ga Mayu, ranar da jihar ta keɓe don tunawa da sojojin Ƙawancen, yakan fito da tutar ya ɗaga ta daga safe zuwa magariba. Ita ma dattijuwar ba ta taɓa taka farfajiyarsa ba. Abin da ya sauya shi ne ta koma bin hanyarta ta da, kuma idan ya gaishe ta takan amsa. Ƙasar ma haka ta riƙa tafiya da ɗingishi. Jihar Misisipi, wadda ta ɗauki alamar a cikin tutarta tun 1894, ta ajiye ta a 2020, amma ranar 6 ga Janairu, 2021, an ga wani mutum yana yawo da ita a cikin ginin majalisar dokokin tarayya a Washington yayin da masu tarzoma suka kutsa ciki.

Kafin ya dawo gida, malamin ya ci karo da labarin wani mutum da ya haɗa ƙasarsa da wannan tarihi. Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda aka fi sani da Nicholas Said, a Kukawa ta ƙasar Barno aka haife shi. Yana yaro aka kama shi, aka ƙetara Sahara da shi zuwa Tarabulus a matsayin bawa, daga nan ya bi ta Istanbul da Rasha da ƙasashen Turai har ya isa Amurka yana ɗa. A 1863 ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts, ta sojoji baƙar fata, wadda ta yi yaƙi a Karolina ta Kudu. Bayan yaƙin ya zauna a Kudu yana koyar da 'ya'yan 'yantattun bayi, kuma a 1873 ya buga tarihin rayuwarsa a birnin Memphis, amma a cikin littafin bai ambaci aikin sojan da ya yi ba. Malamin ya daɗe yana tunanin wannan shiru, na mutumin da ɓangarensa ya ci yaƙi, yana kuma zaune a tsakiyar waɗanda aka ci. Ya kuma lura da wani abu mai ɗaci, wato ba Bature ne ya fara mai da Nicholas Said bawa ba. A gida aka kama shi, a gida aka fara cinikinsa.

Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, mutum kan taka nasa ya hango na wani. Ƙasar Hausa ma ta yi bauta mai yawa, da rinji da gandaye da kasuwannin bayi, kuma ba a haramta ta gaba ɗaya a dokance a Arewacin Nijeriya ba sai a shekarar 1936. Har yanzu akan ji an fasa aure don an binciko asali, akan kuma yi wa wani gida kirari da yaƙin da ya mai da kakannin wani gidan bayi, alhali jikokin duka biyu suna zaune a benci ɗaya a cikin aji. Malamin ya tuna sau nawa ya koyar da waƙoƙin fada da kirarin jarumai, yana yaba daɗin kalmomi da salon sarrafa harshe, bai taɓa tambayar kansa wane ne a cikin ɗalibansa yake jin su kamar yadda dattijuwar ke ganin tutar nan ba.

Da ya koma bakin aiki, a darasinsa na farko a kan kirari, ya rubuta wani kirarin yaƙi a allo, ɗalibai suka fede shi kamar yadda aka saba, suka fito da kamance da kambamawa da karin sauti. Sannan ya ba su aikin gida kashi biyu. Na farko, kowa ya rubuta shafi guda a kan abin da jikan jarumin ke ji idan maroƙi ya ɗauko wannan kirari. Na biyu, ya rubuta wani shafin a kan abin da jikan mutanen garin da aka ci ke ji a wannan lokaci, ya kuma nemo abin da tarihi ya tabbatar game da yaƙin, don a san inda kowane ɗayansu ya yi gaskiya da inda ya yi kure. Wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai tone-tone ke nan." Malamin ya ce haka ne, amma nan da shekara biyu kowannensu zai tsaya a gaban yara 60 waɗanda bai san asalinsu ba, kuma abin da ya faɗa musu, wani daga cikinsu zai riƙe shi har ya yi furfura. Wata ɗaliba da ke zaune a layin baya, wadda ba ta cika magana a aji ba, ta tambaya ko an yarda mutum ya rubuta labarin gidansu. Ya ce an yarda, kuma ba dole ne ta sa suna ba.